Rufin Akwatin Duna da Bar-su

Da aka gama girbi, abokan farauta suka fara zancen shiga daji, ni kuma karnukana biyu, Duna da Bar-su, ba sa zama a bayan babur sai an yi kokawa. Kafinta ya haɗa mini akwati mai tagogin raga, muka ɗaure shi tam. Saura rufi.

Shi katako mai kauri ya buga. Ina saka giya tayar gaba ta ɗaga sama, Duna ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba. A take aka ɓanɓare.

Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai shago ya ciro fallen alminiyam, ya ce nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, kuma ba ya tsatsa. Duk gaskiya ne. Da ya faɗi kuɗin sai na ce, "Alhaji, karnuka fa zan rufe, ba ɗakin amarya ba." Ya yi dariya ya miƙo mini langa-langa, irin wanda in ka ɗaga shi yake lanƙwashewa da kansa.

A kan kwalta lafiya lau. Muna sauka hanyar burji mai gargada kwanon ya fara aiki, kai ka ce makaɗan kalangu ne suka biyo ni biki. Karnuka suka ɗauki amshi daga ciki. Fakara na tashi tun muna nesa, zomaye kuwa ƙurarsu kawai muke hangowa. Ga ranar watan Maris ta gasa kwanon, ko yatsa ba ya taɓuwa. Kare kuma ba ya gumi a jiki, da haki yake fitar da zafi, to wane haki zai yi a ƙarƙashin wannan? Ina buɗe akwatin suka fito harshe har ƙasa, suka wuce gindin wata tsamiya suka miƙe ƙafa. Wallahi zomo ya gifta ta gabansu, Duna ya bi shi da ido, ya mai da kai ya kwanta.

Sarkin Bakanmu ya ƙaraso, ya ƙwanƙwasa kwanon da gorarsa.

"Ɗana, farauta muka zo ko shela?"

"Baba, mara nauyi na nema."

"To ka samu. Nama ma yau ba zai yi maka nauyi ba. Je ka nemi zana."

Zanar gamba kam ba laifi. Ba nauyi, ba ƙara, iska na ratsawa, kuma kuɗinta bai kai na man da na ƙona zuwa kasuwa ba. Fita ta gaba Bar-su ya kamo zomo tun hantsi, har na fara yi wa sauran mafarauta wa'azi a kan kayan gargajiya.

A hanyar dawowa muka tsaya La'asar a wani ƙauye, na jingine babur a jikin garka. Ina fitowa daga masallaci na tarar da jaki ya cinye rabin rufin, yana jan sauran a tsanake, karnukan sun zuro kawuna ta ramin suna kallonsa, ko haushi babu. Na nemi mai jakin ina huci.

Dattijon ya dubi babur, ya dube ni. "Malam, a wannan ranin ka kawo masa ciyawa har ƙofar gida, me kake so ya yi?"

Haka muka taho gida, Bar-su na lasar ƙeyata. Kafin mu iso kwalta ya cire mini hula.