Gamba ba ta mutuwa da rani

Mutane da yawa a yankin Garwa da Marwa na arewacin Kamaru suna ɗauka cewa gamba tana mutuwa da zarar damina ta wuce, sannan ta sake tsirowa daga iri idan ruwa ya dawo, kamar yadda kyasuwa da ƙarangiya suke yi. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Gamba, wadda masana tsirrai suke kira Andropogon gayanus, ciyawa ce mai daɗewa shekara da shekaru, kuma abin da yake bushewa da rani kara ne da ganye kawai, alhali gindinta yana nan da rai.

Duk wanda ya duba gindin gamba bayan an yanke ta don saƙa zana, ko bayan wutar daji ta bi ta kanta, zai ga ɗanyen toho yana leƙowa daga tsakiyar baƙin kututturen tun kafin ruwan farko ya sauka, kuma makiyaya sun daɗe da sanin haka. Dalili shi ne wasu saiwoyinta suna bazuwa kusa da saman ƙasa, wasu kuma suna nutsawa can ƙasa inda sauran laima take, shi ya sa take jure watannin fari ko da a ƙasa marar ƙarfi, ta kuma kai tsayin mita 3 da damina.

Abin da yake kashe ta shi ne tumɓuke gindin da fartanya, da kiwon da ba ya barin toho ya yi ƙarfi. Inda aka nome ta, sai gona ta yi shekaru tana saura kafin gamba ta sake kafuwa a cikinta.