Waken da ya ƙi dahuwa a Addis Ababa

Muna lise a Maradi mushe ya zana muna wani zane a tabulo, layuka uku sun haɗu wuri guda, ƙasa an rubuta zafi, gefe an rubuta matsi, ya ce nan ƙanƙara, nan ruwa, nan tururi. Muka kwafa muka haddace don jarabawa, abin da ya zauna ma kowa a kai ɗaya ne: ruwa na tafasa a digiri 100. Wallahi ban gane zanen nan ba sai da aiki ya kawo ni Addis Ababa.

Satina na farko na yi marmarin shinkafa da wake, na aza tukunya, ruwa na ta ɓararraka kamar abin kirki, na ƙara ruwa ya fi sau uku amma wake na nan kamar tsakuwa, har na fara zagin wadda ta saida mini a raina, Allah ya yafe mini don ba laifinta ba ne. Garin nan ya haura mita 2,300 a sama, iska ba ta da nauyi sosai, matsinta kaɗan ne, shi ya sa ruwa na tafasa tun wajen digiri 92, kuma in ya tafasa ko ka ƙure wuta ba ya ƙara zafi, tururi kawai yake zama ya tafi. Maradi kuwa ba ta kai mita 400 ba, namu na tafasa kusan 99, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Maƙwabciyata ce ta ara mini kokot, wannan tukunyar mai murfi da ake ɗaurewa, tururi ya rasa hanya matsi ya hau ruwa ya kai wajen digiri 120, kan ka ce kwabo wake ya yi luguf. Layin da ke tsakanin ruwa da tururi ke nan na tabulo, ni kuma sai a madafa na same shi.

Abin da ke ba ni haushi, duk kayan darasin nan suna cikin gidajenmu. Girgiza butel ɗin gaz ka ji abu na motsi ciki kamar ruwa, to gaz ɗin ne ya zama ruwa-ruwa, matsi ne ya riƙe shi, kana buɗe kai ya koma iska, shi ya sa in an daɗe ana girki gindin butel ke yin sanyi. Randar tsohuwarmu a watan Afrilu, ana zafin da ya wuce digiri 40 kuran ya ɗauke firigo ya zama akwati, amma ruwanta sanyi ƙarara saboda wanda ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa yana tafiya da zafi, da damina ta shigo iska ta jiƙe sai aikinta ya ragu. Kafur ɗin cikin akwatin tufafi ma, wa ya taɓa ganin ya narke? Ƙanƙancewa yake yi har ya ɓace, daga dunƙule zuwa iska kai tsaye. Ni a ganina da mushe ya shigo aji da randa da kafur, da ba mu yi hadda ba.

Na kira Inna na kwashe awa ina mata bayanin matsi da tsawon duwatsu. Ta saurara har na gama, sannan ta ce "to kai ba ka sa kanwa ba ne?" Ina zan samu kanwa a nan!