Warin kilorin a ruwan famfo ba shi ne matsalar ba

Ina yawan jin mutane na cewa wai ruwan famfo mai warin magani yana sa ciwon kansa, har wasu sun koma ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, wallahi abin nan yana damuna.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar amma an juya ta. Shi kilorin, wato maganin da ake zubawa a ruwan famfo, kashe ƙwayoyin kwalara da taifot yake yi, inda matsalar take shi ne in ya haɗu da dattin da ke cikin ruwan, ruɓaɓɓen ganye da makamantansu, sai a samu wasu sinadarai irin su kulorofom. Wani masani Johannes Rook ne ya gano haka a ruwan birnin Rotterdam na ƙasar Holland a 1974. Bincike ya alaƙanta shan su da yawa na tsawon shekaru da ɗan ƙarin haɗarin kansar mafitsara, shi ya sa Amurka ta ƙayyade jimillar wannan rukunin sinadaran kada ya wuce maikirogiram 80 a lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram).

To amma fa kwalara ba ta jiran shekaru, yaro ya fara amai da gudawa da safe kafin dare idonsa ya faɗa, jiki ya bushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kar a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don tsoron sinadaran nan.

In ruwanka ya zo da laka, bari ya kwanta ko ka sa alam ka tace kafin ka zuba maganin, tunda dattin ne ke haifar da sinadaran nan. Tafasawa a buɗaɗɗiyar tukunya ma tana korar kulorofom ɗin.