An bar jaki ana dukan taiki a kasafin birane

Tun da majalisar birnin Birmingham da ke Ingila ta bayyana a watan Satumban 2023 cewa kuɗin shigarta ba za su iya ɗaukar hidimominta ba, kowa ya san za a tsuke bakin aljihu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne inda wuƙar ta sauka. A kasafin da aka amince da shi a watan Maris na 2024, an zabtare rabin tallafin da birnin ke bai wa manyan cibiyoyin fasaha da al'adu, tare da shirin soke ragowar a shekarar kasafin da ke biye, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da ƙungiyar makaɗan birnin, da gidan wasan kwaikwayo na Birmingham Rep, da ƙungiyar raye-raye ta Birmingham Royal Ballet. Abin da ya durƙusar da majalisar kuwa sananne ne: bashin haƙƙin ma'aikata mata da aka daɗe ana biyan su ƙasa da takwarorinsu maza, wanda a lokacin aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760, sai kuma sabon tsarin kwamfuta da ya lamushe kuɗi masu yawa. Babu hannun makaɗi ko ɗan wasa a cikin wannan ɓarna.

Masu kare matakin suna cewa kiɗa da wasan kwaikwayo kayan alatu ne, kuma birnin da ke fama da kula da tsofaffi da kwashe shara ba shi da hurumin kashe kuɗi a kansu. Wannan hujja tana da daɗin faɗi, amma lissafi ya ƙaryata ta, domin tallafin shekara na ƙungiyar makaɗan bai kai fam miliyan ɗaya ba, alhali giɓin da ake neman cikewa a lokacin ya kai kimanin fam miliyan 300. Dalilin da ya sa ake fara yanke kuɗin al'adu shi ne doka ba ta wajabta shi yadda ta wajabta wasu hidimomin ba, kuma illarsa ba ta bayyana kafin zaɓe mai zuwa.

A nan ne masu wannan ra'ayi suka fi yin kuskure, saboda suna auna abin da ke ɗaukar shekaru hamsin da ma'aunin shekara guda. Tarihin Birmingham ɗin kansa ya isa shaida. A 1920 aka kafa ƙungiyar makaɗan da tallafin majalisa na fam 1,250 a shekara, tare da goyon bayan Neville Chamberlain, wanda ya taɓa zama magajin garin kafin daga baya ya zama Firaministan Birtaniya. Shekaru sittin ƙungiyar ta yi tana tafiya sannu a hankali, tana tara 'yan kallo, tana renon makaɗa, kafin matashin jagora Simon Rattle ya karɓe ta a 1980 ya kai sunanta duniya, sannan a 1991 birnin ya buɗe babban zauren kiɗa na Symphony Hall. Da wani kansila ya yanke wannan ɗan tallafi a tsakiyar tafiya bisa hujjar cewa bai ga ribarsa ba, da Rattle bai sami abin da zai jagoranta ba. Haka ɗakunan karatu na jama'a suka faro: dokar 1850 ta ba garuruwa izinin karɓar ɗan haraji ƙalilan don kafa su, Manchester ta buɗe nata a 1852, kuma zuriya bayan zuriya ta 'ya'yan ma'aikatan masana'antu ta sami littafin karantawa kyauta.

Akwai kuma masu ganin cewa mafita ita ce katafaren gini guda da zai jawo 'yan yawon buɗe ido, suna kafa hujja da gidan tarihin Guggenheim da aka buɗe a Bilbao ta Sifaniya a 1997, sun manta cewa birane da dama sun kwaikwayi wannan salo sun ƙare da gine-ginen da suka kasa ɗaukar nauyin kula da su. Masu cewa a bar wa attajirai da kamfanoni nauyin kuwa ba su gaya mana wanda zai biya malamin da ke koya wa yaran unguwar talakawa busa da kiɗa ba, aikin da babu kamfanin da zai sami talla a cikinsa.

Abin da ya kamata shi ne majalisun birane su ware wani kaso, ko da ƙarami ne, da ba za a taɓa shi ba ko a shekarar matsi, su kuma ƙulla yarjejeniyar shekaru da dama da cibiyoyin da suke tallafa wa. Cibiyar da ba ta san abin da za ta samu baɗi ba, abu na farko da take ajiyewa shi ne zuwa makarantu da rangwamen kuɗin shiga, daga nan ƙwararrunta su fara neman aiki a wasu biranen, kuma kansilolin da suka kaɗa wannan ƙuri'a za su daɗe da barin kujerunsu kafin mazauna Birmingham su gane yawan waɗanda suka tafi.