Na'urar da ke sunsunar cuta a numfashi: a gwada ta a nan tukuna

Duk wanda ya taɓa kai ƙaramin yaro gwajin tarin fuka ya san wahalar kaki. Za a miƙo maka 'yar roba a ce ya tofa, shi kuwa miyau kawai yake kawowa, daga nan sai kuka. Shi ya sa batun na'urorin da ke gano cuta daga numfashi ya ja hankalina: mutum ya hura iska kawai, ba allura, ba kaki.

Abin ba tatsuniya ba ne. Tun 1971 masanin kimiyya Linus Pauling ya nuna cewa numfashin ɗan Adam na ɗauke da sinadarai sama da 200, kuma cuta kan sauya yanayinsu. Likitocin asma sun daɗe suna auna wata iska a numfashi don gane kumburin hanyoyin huhu. A Afrilun 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ba na'urar InspectIR izinin gaggawa na gwajin korona, sakamako cikin ƙasa da minti uku. Amma ko ita, idan ta ce akwai cutar, sai an sake tabbatarwa a ɗakin gwaji.

Nan ne nake jan birki. Numfashi ba ya ɓoye abin da ka ci. Wanda ya kwana kusa da murhun itace, ya sha miyar daddawa da tafarnuwa, ya wuni cikin ƙurar hunturu, iskarsa ba ɗaya take da ta mutumin Turai da aka koya wa na'urar da shi ba. Idan ba a gwada ta kan mutanenmu ba, tana iya ce wa mai lafiya yana da cuta, ko, mafi muni, ta sallami mai tarin fuka ya koma gida yana yaɗa wa iyalinsa.

Mun kuma ga yadda aka yi da GeneXpert, na'urar gano tarin fuka a cikin kaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Na'ura ce mai kyau ƙwarai, amma tana son wuta da ɗaki mai sanyi, abubuwan da asibitin karkara ke nema ido rufe.

Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya, don haka ba za mu ƙi kowane taimako ba. Ni dai a ganina a ajiye na'urar numfashi a matsayin mai tacewa a bakin layi, ta ware waɗanda za a tura gwajin kaki da hoton ƙirji. Kafin gwamnati ta sa hannu a kwangilar sayo ta, a fara kai ta asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri, a gwada ta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kashe batir.