Ku Lauyoyinmu Matasa, Wai Dole Kowa Sai Ya Zama Oga?

Ranar kasuwar da ta wuce na bi ta gaban ofishin wasu lauyoyi biyu a garin da sakatariyar ƙaramar hukumarmu take, sai na ga an shafe sunan ɗaya a jikin allo da farin fenti, in ka matsa kusa ma kana iya karanta shi. Yaran nan tare suka gama BUK, tare suka je makarantar lauyoyi ta Bagauda, kuɗin haya ma karo-karo suka yi. Mai shayin gefe ya ce min wai kuɗin wata shari'ar gona ne ɗaya ya karɓa a asusunsa ya yi gum, ɗayan kuma dama can yana jin haushin an sa sunansa a ƙasa. Haba jama'a!

Ƙannena, son zama oga ɗin nan shi ke cinye ku. Ɗaki ɗaya, firinta ɗaya, janareton ma na aro ne, amma kowa so yake a ce shi ne mai wurin, shi zai riƙe makulli, shi zai riƙe kuɗi, ɗan'uwansa ya zama ɗan aike. To ranar da aka sa maka zama a babbar kotu a Dutse aka kuma sa wani a Ringim duk ƙarfe tara na safe, wa zai tsaya maka? Sai a ɗage shari'ar, dattijon da ya sayar da buhun gero ya biya ka ya kuma biya kuɗin mota ya koma gida haka nan, gobe kuma a majalisa zai faɗa kowa ya ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kun sani sarai, kwaɗayi ne kawai, shi kuwa mabuɗin wahala ne.

SAN ɗin da kuke mafarki, wato muƙamin Babban Lauyan Najeriya, sai mutum ya yi aƙalla shekara 10 yana aiki, kuma har ofis ake zuwa a duba littattafai da lauyoyin da ke tare da shi. Wanda ya kasa zama da mutum ɗaya me zai nuna? Wasunku ma kuɗin lasisin shekara sai wa'adin 31 ga Maris ya wuce ba su biya ba, amma hoton hular lauya a Facebook kullum sabo.

Abin da ya fi ba ni haushi, ku ne masu rubuta wa mutane yarjejeniyar jinginar gona da ta cinikin fili, amma tsakaninku ko layi biyu babu kan yadda za a raba kuɗi da wanda zai riƙe me. Ku zauna ku gyara, ku ji tsoron Allah.

A da matashi sai ya yi shekaru yana ɗaukar wa babban lauya fayil bai ga an ƙasƙanta shi ba. Iyayenmu ma gandu ɗaya suke nomawa wa da ƙani, rumbu ɗaya, babba na riƙe da hatsi ƙarami na zuwa kasuwa, ba ka taɓa jin an kai ƙara gaban mai unguwa. Yanzu ko gonar gado ce kafin sadakar arba'in an kira masu awo.