Ɗanyen Kwaɓi a Watan Afrilu

Daga awon jini abin ya faro. Ƙarshen zangon karatu ne, takardun jarrabawar ɗalibai sun taru a kan tabarma har sun kusa kamo Autana a tsayi, ga ciwon kai ya ƙi sakina. Likita ta ɗaura min abin awo a dantse, ta kalli lambar, ta kalle ni, ta ce, "Malama, ki nemi abin da zai riƙa kwantar miki da hankali." Sai ka ce a mudu ake auna shi a kasuwa.

Da daddare na ba ƙanwata labari, wadda take karatu a Amurka. Ban rufe baki ba ta ce, "Yaya, ai ga magani. Ni duk ranar da karatu ya cushe min, kwaɓin kukis nake yi, wato biskit ɗin Amurkawa, in danne shi a tire, in malala masa cakulet a sama, in tura firij. Da ya daskare sai in yayyanka. Ba gashi, ba suya."

Na ce, "Ba gashi kamar yaya? Ɗanye kike ci?"

Ta ce ƙwarai kuwa. Wai mutanen can sun saba lasar kwaɓi kafin a gasa shi, har suka ga ya fi musu gasasshen daɗi, sai suka cire masa ƙwai suka mai da shi abin ci mai zaman kansa. Shi kuwa kukis mai gutsattsarin cakulet, wata mata ce Ruth Wakefield ta ƙirƙiro shi a masaukin baƙinta na Toll House, a jihar Massachusetts, wajajen 1938. Wato baiwar Allah ta sha wahala ta gano yadda ake gasa abu, jikoki suka zo suka ce a bar musu shi haka nan.

Ranar Asabar na yi sammakon kasuwar Sabon Gari. Fulawa, bota, madara da banila duk ba su ba ni wuya ba. Cakulet ne sai da na tambayi kuɗinsa sau biyu, don na zaci na katan mai kantin yake faɗa min. Na tuna a 2024 na ji a rediyo cewa tan ɗaya na koko, wanda ake yin cakulet da shi, ya haura dala 10,000 saboda gonakin Ghana da Kwaddibuwa ba su yi kyau ba. A lokacin cewa na yi ina ruwan biri da gada. Ashe da ruwana.

Jan sukari ne ban samu ba. Ƙanwata ta ce ai sukari ne da aka cakuɗa da baƙin ruwan rake. Na ce wannan kuma mazarƙwaila ce aka sa wa takalmi. Na sayi dunƙule biyu, na dawo gida na jefa su a turmi na kirɓa. Ban shinshina turmin ba.

Sharaɗi na farko da ta gindaya min shi ne a gasa fulawar ita kaɗai kafin a kwaɓa, don alkama daga gona take zuwa injin niƙa ba tare da ta ga wuta ba, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Sai zafinta ya kai 74 a ma'auni. To ni ma'aunin zafi ɗaya ne a gidana, na zazzaɓin yara, wanda iyakarsa 42. Na zuba fulawa a kasko, na juya, na juya, na tsoma shi a ciki. Ya yi kuka sau uku, ya rubuta wani abin da ban gane ba, ya ɗauke. Har yau bai farfaɗo ba. Na ci gaba da juyi da ido, har garin ya fara komawa kalar ƙasa.

Ina cikin murza bota da mazarƙwaila, zufa har cikin kunne, sai na ji sallama. Hajiya ce, mahaifiyar Baban yara, ta biyo daga gidan suna. Bayan gaisuwa ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna a bakin ƙofar kicin, da maficinta a hannu.

"Me ake yi ne, 'yar nan? Cincin?"

"A'a Hajiya, wani ɗan abin hutawa ne."

Ta dubi goshina, ta dubi zanina da ya yi fari da gari. "Hutawa," in ji ta. "To madalla. Yaushe za a soya?"

"Ba a soyawa, Hajiya."

"Gasawa za a yi ke nan."

"Ba a gasawa."

"Turarawa?"

"Haka nan ake ci."

Maficin ya tsaya. Ta matso da kujerar, ta yi ƙasa da murya. "Gas ɗinku ne ya ƙare? Ki faɗa min gaskiya, ni zan yi masa magana."

Na rantse mata akwai gas. Don in tabbatar mata, na kunna shi na ɗora ruwan narka cakulet. Sharaɗi na biyu ke nan, kuma ƙanwata ta nanata shi ya fi sau uku: a ɗora kwano a kan tururin ruwan zafi, kada ko ɗigon ruwa ya shiga ciki. Shi cakulet ba ruwa a jikinsa, garin koko ne da sukari suke yawo cikin mai. Da ruwa ya taɓa sukarin sai ya yi danƙo, ya kamo 'yan'uwansa, su dunƙule. Na goge kwano, na goge cokali, na goge hannuwa. Ya fara narkewa, baƙi siɗik, yana sheƙi kamar sabuwar kwalta. Na sunkuya ina yaba aikina. Abin da ban goge ba shi ne hancina. Ɗigo biyu, ɗaya na bin ɗaya, daga kan tsinin hanci zuwa tsakiyar kwano.

Kan in ce innalillahi, cokali ya tsaya cak. Abin da ke sheƙi ɗazu ya zama kamar ƙasar da magina suka kwaɓa suka tafi cin abinci suka manta.

Hajiya ta leƙo. "Shi ma haka ake cin sa?"

Na kira Amurka. Awa biyar ke tsakaninmu, yarinya tana tsakiyar barcin Asabar. Cikin magagi ta ce in riƙa zuba madara mai zafi cokali-cokali ina juyawa. Abin mamaki, ruwa kaɗan ya ɓata, ruwa da yawa ya gyara, ya sake sulɓi. Ta fara cewa "amma fa Yaya, yanzu ba zai yi tauri ba sai..." na ce na gode, na kashe waya. Na malala shi a kan kwaɓin, na shafe da bayan cokali, na tura firij, na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa.

Minti goma da zamana fanka ta fara rage gudu.

Duk wanda ya san Kano a watan Afrilu ba sai an yi masa bayani ba. Man koko yana narkewa ne a wajajen 34, shi ya sa cakulet ke narkewa a baki, tunda jikin mutum 37 ne. Garin kuwa a irin wannan lokaci yakan haura 40. Wato kicin ɗina ya fi bakin mutum zafi. Na aiki babban ɗana sayen ƙanƙara, ya dawo da ledar ruwa mai ɗan sanyi-sanyi, ya ce a haka ma sai da ya yi gudu. Na ɗora tiren a bakin randa, na rufa masa jiƙaƙƙen tsumma, na ari maficin Hajiya na ba Auta ta yi masa fifita. Ta yi da hannu ɗaya. Ɗayan hannun sai daga baya na gane inda yake, da na ga kumatunta.

Bayan la'asar Baban yara ya shigo. Na ɗauko wuƙa don in yanka a gabansa. Ina jan wuƙar, hanyar na rufewa a bayanta. Na ja a tsaye, na ja a kwance, tire ya koma yadda yake. Ya ɗauki cokali ya ɗeba, ya ɗan tattauna, ya ce, "Wannan kunun mene ne?" Sai tari. Ya share ƙwalla ya ce, "Ashe Turawa ma suna cin barkono."

A nan na tuna ranar Alhamis an daka yajin ƙuli a turmin nan.

Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta sa yara su ɗebo yashi a ginin maƙota. Ta nemi tsohuwar tukunya da gwangwanayen madara, ta hura gawayi. Ta juye kayan hutuna gaba ɗaya a roba, ta fasa masa ƙwai biyu, waɗanda Amurkawa suka cire da gangan, ta ƙara fulawa, ta cuɗe da hannu. Ta shafe gwangwanaye da mai, ta jera su a kan yashi mai zafi, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi. Ba ma'auni, ba agogo. Da hanci ta san ya yi.

Abin da ya fito gefensa da ƙaras-ƙaras, cikinsa da laushi, ga zanen cakulet, ga ɗan yaji yana biyo baya a maƙogwaro. Yara suka yi masa ca. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanwata, ta rubuto, "Yaya, ai wannan kukis ne na gaske! Ina kika samu obin na gashi?"

Na karanta wa Hajiya. Tana ƙulle guda shida a leda za ta kai wa ƙawarta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da ta sa takalmi ta juyo ta ce, "Asabar mai zuwa ma zan zo mu huta. Ki ƙaro baƙin abin nan. Amma dakan ki bar min, barkonon bai ji ba."